Kafin A Cire Yaro Daga Jami'arsa A Kai Shi Ta 'Yan Katolika A Wata Jiha

Jawabi ga dattawa da iyaye na ekklesiyoyin ƙetaren kogi, cikin garin Kaduna

  Mun san waɗansu sun taso tun daga Gonin Gora da Maraban Rido, waɗansu daga Kakuri, Narayi da Unguwan Romi, kuma kuɗin mota a yau ba wasa ba ne. Ubangiji ya saka maku.

Batun da aka ba mu shi ne wanda iyaye suke kawowa ofishin fasto a ɓoye, kamar abin kunya. Yaro ya riga ya shiga jami'a, ya yi shekara ɗaya ko biyu a Zariya ko a KASU, ko kuwa ya gama difloma a Kaduna Polytechnic, sai gida ya fara tunanin a cire shi a kai shi jami'ar 'yan Katolika a Abuja ko a Gabas. Uban yana tambaya ko takardarsa za ta yi kyau. Uwar tana tambaya ko zai dawo mata da carbi a wuya. Dukan tambayoyin biyu suna da hakki a kanmu, kuma ba abin kunya ba ne a yi su da ƙarfi a gaban jama'a.

Dalilin wannan tunani a fili yake. Malaman jami'o'in gwamnati sun yi yajin aiki daga Maris zuwa Disamba 2020, suka sake yi daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba 2022. Idan aka haɗa, wata 17 ke nan yaranmu suna zaune a gida, kuma kun ga abin da zaman banza ya yi wa waɗansunsu a Sabon Tasha da Television. Sai kuma 2021, shekarar da ba za mu manta ba: ɗalibai 39 da aka kwashe a Afaka a watan Maris, na Greenfield a watan Afrilu inda aka kashe biyar, da yara 121 na Bethel Baptist a watan Yuli. Uwar da ta ga wannan ta ce a fitar mata da yaro daga jihar nan, kada kowa ya ce ta rasa bangaskiya. Ta ga abin da ta gani ne.

To, me ya sa ta 'yan Katolika? Domin iyayenmu sun san aikin 'yan Fada a fannin makaranta tun kafin a haife mu. Queen Amina College da ke nan Kakuri, sunanta na fari Queen of Apostles ne. Rimi College ita ce St. John's ta dā, kafin gwamnati ta karɓe makarantun mishan a shekarun 1970. Mutum nawa ne a cikin wannan ɗaki aka haifa a asibitin St. Gerard, ko aka yi masa aiki a can, ba tare da an tambaye shi ɗarikarsa ba? Wannan suna mai kyau ne iyaye suke bi. Amma sunan makarantar sakandare ta shekarun 1960 ba ya ba da tabbaci a kan kowace jami'a ta yau. Kowace sai an duba ta da kanta.

Kuma ba duka ne iri ɗaya ba. Veritas da ke Bwari ta Majalisar Bishop-bishop ɗin Katolika ta Nijeriya ce baki ɗaya. Ta sami lasisi a 2007, ta fara karatu a Obehie ta Jihar Abiya a 2008, daga baya ta koma mazauninta a Bwari. Godfrey Okoye ta Diyosis ɗin Enugu ce, tun 2009. Augustine da ke Ilara, kusa da Epe, ta Babban Diyosis ɗin Legas ce. Madonna, wadda ke cikin jami'o'i uku masu zaman kansu na farko da aka ba lasisi a 1999, Fada Emmanuel Edeh ne ya kafa ta, haka ma Caritas a Enugu. Ga kuma Dominican a Ibadan. Sanin mai makaranta yana da amfani, domin ranar da matsala ta tashi shi ne zai nuna maku ƙofar da za ku buga. Idan ta bishop-bishop ce, akwai hanyar kai kuka ta ofishin Babban Bishop a nan Kaduna, kuma muna zama da mutanensa a teburi ɗaya a CAN.

Kafin mu wuce, mu ma muna da namu. ECWA tana da Bingham a Karu tun 2005, Baptist suna da Bowen a Iwo, Anglican suna da Ajayi Crowther a Oyo, NKST suna da jami'ar Mkar, COCIN kuma suna da Karl Kumm a Vom. A 2025 gwamnatin tarayya ta kafa jami'a a Kachia. Ba mu faɗi wannan domin mu hana kowa ba. Muna so dai gidan da ya zaɓi ta Katolika ya zama ya zaɓa ne bayan ya duba saura, ba don maƙwabcinsa ya kai nasa can ba.

Yanzu bari mu zauna a kan batun takardu, domin a nan ne aka fi yin kuka, kuma a nan ne mu fastoci muka fi yin shiru.

Sauya jami'a ba kamar sauya makarantar firamare ba ne, inda za ka kama hannun yaro ranar Litinin ka kai shi wata. Jami'ar da yake ciki sai ta sake shi a rubuce. Sai ta aika da takardar makinsa ta dukan darussan da ya yi, wadda yara suke kira tiranskirif, kuma bisa ga al'ada daga ofishi zuwa ofishi ake aika ta, ba a hannun yaro ba. Sabuwar jami'ar sai ta duba darussan ɗaya bayan ɗaya, ta ga wanda za ta karɓa da wanda za ta ce a sake. Yawanci aji biyu ake sa mai sauyi, kuma ba a karɓar mutum a ajin ƙarshe. Ma'ana, yaron da ya gama aji biyu a Zariya yana iya komawa aji biyu a can. Kun gudu daga yajin aiki don kada ya rasa shekara, sai ga shi ya rasa shekarar ta wata hanya, kuma wannan karon ku ne za ku biya kuɗinta. Saboda haka tambaya ta farko da za ku yi a ofishin rajista ita ce: wane aji za ku sa shi, kuma waɗanne darussa kuka karɓa? A ba ku amsar a takarda mai hatimi. Maganar baki ta ma'aikaci, ko da ya yi fara'a, ko da yana sanye da farar riga, ba ta zuwa gaban majalisar jami'a.

Sai JAMB. Tun 2017 hukumar take bi da ɗaukar ɗalibai ta na'urarta da ake kira CAPS, kuma sauyi daga jami'a zuwa jami'a ma dole ya shiga littafinta. Idan sunan yaro a wurin JAMB yana nuna tsohuwar makaranta da tsohon kwas, alhali ya gama a sabuwa, ranar da za a tura sunaye zuwa bautar ƙasa ne za a gane. Mun ga wannan da idonmu: yarinya daga cikin ekklesiyoyinmu ta gama karatu lafiya a wata jami'a mai zaman kanta, an yi godiya a sujada, an ci shinkafa, abokan karatunta suka tafi sansani, ita kuwa ta yi fiye da shekara tana zirga-zirga tsakanin ofisoshi domin ba a gyara wannan tun farko ba. Ku tuna kuma wanda ya wuce shekara 30 a lokacin da ya gama, takardar yafewa ake ba shi, ba ya zuwa sansani. Ga yaranmu da suka makara saboda talauci ko gudun hijira, shekara ɗaya tana da tsada. Masu difloma da NCE kuwa, tasu hanyar dabam ce: fom ɗin JAMB na shiga aji biyu kai tsaye za su saya, kada wani ya ruɗe su ya ce sauyi ne.

Abu na uku, hukumar NUC ba jami'a kawai take amincewa da ita ba, kwas-kwas take tantancewa. Jami'a tana iya zama da lasisi mai kyau, alhali kwas ɗin da yaronku yake so yana da amincewar wucin gadi ne, ko ma an hana shi. Ga likitanci, aikin jinya, haɗa magunguna, injiniya da lauya, akwai majalisun sana'a da suke da tasu tantancewar dabam, har da adadin ɗaliban da suka yarda a ɗauka. Makarantar da ta ɗebi fiye da adadinta, yaran ne za su yi layi suna jiran gurbi a Makarantar Horar da Lauyoyi ko jarrabawar majalisar likitoci. Ku tambayi adadin, ku tambayi yawan 'yan ajin. Wanda ya yi fushi da wannan tambaya ya riga ya ba ku amsa. Kuma tunda muna kan wannan, masu tunanin Kwatano su tuna cewa a watan Janairu 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo bayan an bankaɗo cinikin takardu. Wannan ya ishe mu.

Kuɗi. Ubangijinmu ya yi maganar mutumin da ya fara gina hasumiya bai zauna ya yi lissafi ba, a Luka sura 14, ya kafa tushe ya kasa gamawa har mutane suka yi masa dariya. Mafi ƙarancin albashi da aka sa a 2024 naira 70,000 ne a wata, wato 840,000 a shekara idan mutum bai ci ba bai sha ba. A jami'o'i masu zaman kansu da dama kuɗin shekara ɗaya ya wuce miliyan, na likitanci da lauya kuwa ya ninka haka. Bashin karatu na NELFUND da ya fara a 2024 an tsara shi ne domin ɗaliban makarantun gwamnati. Ranar da kuka cire yaro daga ABU ko KASU, kun cire shi daga wannan ma. Mu mutanen ƙetaren kogi mun san yadda gida yake zama idan albashi ya tsaya, tun da masaƙun Kakuri suka rufe. Yawancin masu sauraronmu 'yan fansho ne, da malaman makaranta, da mata masu tebur a kasuwar Sabo. Kada ku lissafa shekara ta farko kaɗai. Ku lissafa har ƙarshe, ku ƙara kuɗin abinci, na mota, da ƙarin da makaranta za ta yi a tsakani, domin za ta yi. Sa'an nan ku dubi ƙannensa. Ra'ayinmu a nan ba mu ɓoye shi: ba daidai ba ne a sayar da gonar gado a Zonkwa ko Kwoi, a tsayar da 'yan mata biyu a gida, domin namiji ɗaya ya tafi jami'a mai tsada. Kuma alkawarin kawu da ke Fatakwal ba kuɗi ba ne sai ya shiga asusu.

Game da hanya ba za mu daɗe ba, kun fi mu sani. An kai wa jirgin ƙasa hari kusa da Katari ranar 28 ga Maris 2022, bai dawo aiki ba sai Disamba. A watan Yuli na shekarar, Veritas da kanta ta sallami ɗalibai na ɗan lokaci saboda barazanar tsaro a yankin Bwari. A Gabas kuma zaman gida na ranar Litinin ya fara a Agusta 2021, don haka ku tambayi yadda garin makarantar yake kafin ku sa ranar tafiya. Bwari tana da sauƙi guda: tafiyar yini ɗaya ce a je a dawo, ƙasar Gbagyi ce, akwai ekklesiyoyi masu sujada da Hausa, kuma hedikwatar JAMB tana garin. Okija ko Enugu kuwa, idan yaro ya kwanta da zazzaɓi daren Talata, yaushe uwarsa za ta isa? Wa kuka sani a can?

Yanzu ga tambayar uwa, wadda ita ce ta kawo yawancinku.

Da farko, kada wani ya tashi ya ce kai yaro can kamar kai Daniyel Babila ne. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma rashin kunya ne ga mutanen da muke binne matattu tare. Lokacin da aka shiga makarantar horar da Fada ta Good Shepherd a Kakau a Janairu 2020, aka kashe Michael Nnadi, yaro ɗan shekara 18, ba wanda ya tambayi ko yana karanta littattafai 66 ne ko 73. Mun yi kuka tare. Tun da aka kafa CAN a 1976 muna ciki da su. Sun gaskata da Triniti, da mutuwar Yesu da tashinsa, kamar yadda muka gaskata. Sun yarda da baftismar da aka yi da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ba za su ce yaronku arne ne ba.

Amma bambanci yana nan, kuma ɓoye shi ba ƙauna ba ce. Mun bambanta a kan ikon Fafaroma, a kan matsayin al'adar ekklesiya kusa da Littafi Mai Tsarki, a kan roƙo ta wurin Maryamu da tsarkaka, a kan furta zunubi ga Fada, da kuma ma'anar Jibin Ubangiji. Yaron da ya taso a makarantar Lahadi yana haddace ayoyi amma ba a taɓa gaya masa dalilin da ya sa muke yin abin da muke yi ba, zai sadu da Fada mai digiri uku wanda zai yi masa bayanin nasu dalla-dalla, cikin natsuwa, ba zagi. Idan ya rasa amsa, laifin Fada ne? Waɗanda suka yi makarantar tauhidi a cikinmu sun san 'yan Katolika ba sa wasa da falsafa da tarihin ekklesiya. Darasin baftisma na wata uku da muke yi wa yaranmu da gaggawa kafin Kirsimeti ba zai riƙe su ba. Wannan aikin namu ne, dattawa, kuma ko yaro bai bar Kaduna ba ya cancanci a yi masa.

Akwai abin da ya kamata ku sani domin ya ba ku ƙarfin yin tambaya. Fafaroma John Paul na Biyu, wanda waɗansunku suka gani a Dandalin Murtala a 1982, ya fitar da ƙa'ida ta jami'o'in Katolika a 1990, mai suna Ex Corde Ecclesiae. A ciki an ce a girmama 'yancin lamirin kowane mutum, an kuma ce ɗalibin da ba ɗan Katolika ba ya san makarantar ta Katolika ce, ya girmama wannan. Hakki biyu ne, kowane da nasa. Yadda ake aikata shi kuwa ya bambanta daga makaranta zuwa makaranta, saboda haka ku nemi littafin dokokin ɗalibai ku karanta kafin ku biya ko kwabo. Halartar Mas dole ce, ko a ranakun bukukuwan makaranta kaɗai? Akwai sujada ta waɗanda ba 'yan Katolika ba a cikin makaranta? An yarda da zumuntar ɗalibai irin su FCS ko NIFES? Ana barin yaro ya fita ranar Lahadi zuwa ekklesiyarsa? Kada ku tsaya ga amsar ofis. Ku nemi ɗalibi ɗan ECWA ko Baptist da ke aji uku a can, ku saya masa lemo, ku tambaye shi yadda Lahadinsa take wucewa. Idan a ƙarshe kuka sa hannu a dokar, to ku koya wa yaro ya bi ta. Mu ma a Bingham da Bowen muna sa 'ya'yan 'yan Katolika su zauna a sujadarmu, ba mu ji sun fasa tagogi ba.

Ku kuma gaya masa tun daga gida cewa idan ya halarci Mas, ba zai tashi ya karɓi gurasa ba. Ƙa'idarsu ce cewa wannan na 'yan Katolika ne. Ba wulaƙanci ba ne, kuma kada ya shiga layi don kunyar abokai. Ya zauna a wurinsa ya yi addu'arsa.

Sai abin da ba a so a faɗa. Yaro ko yarinya mai shekara 19 zuwa 23, a makarantar kwana, cikin 'yan Katolika: waɗansu za su dawo da wanda suke so su aura. Bisa dokar ekklesiyarsu, irin wannan aure sai da izinin bishop, kuma ɗan Katolikan zai yi alkawarin riƙe bangaskiyarsa da yin iyakar ƙoƙarinsa a yi wa 'ya'ya baftisma a tarbiyyantar da su a Katolika. Tun 1970 ba a sa ɗaya ɓangaren ya yi wannan alkawari, amma dole a sanar da shi. A tsakanin Bajju, Atyap, Ham da Adara da wuya a sami dangin da babu irin wannan aure, kuma da yawa suna zaman lafiya. Abin da muke cewa shi ne, uban da ya san zuciyarsa ba za ta ɗauki wannan ba, ya faɗa wa kansa gaskiya yanzu, kafin ya sa hannu a fom. Kada ya kai yarinya can da hannunsa, bayan shekara huɗu ya zo majalisar dattawa yana neman a sa ta a horo.

Kuma a tambayi yaron. Mun lura a yawancin shawarwarin nan shi ne na ƙarshe da ake gaya wa. Wani yana son tafiya ne domin makinsa ya lalace, yana tsammani sabon wuri zai share. Ba zai share ba, tiranskirif zai bi shi, kuma jami'o'i suna da mafi ƙarancin makin da suke karɓa. Wani yana gudun 'yan ƙungiyar asiri ne ko malamin da ya matsa mata, ya kasa faɗa. Irin wannan, sauyin yana iya zama ceton rai, kuma a nan kada a tsaya jayayyar ɗarika. Wani kuwa ba ya son tafiya sam, yana da zumunta da abokai a Samaru, iyaye ne suke tsoro. Sai an zauna da shi, ba a gaban baƙi ba, za a san wanne ne.

Abin da muke roƙon kowace ekklesiya ta yi ba shi da tsada. A cikinmu akwai malaman jami'a da na Polytechnic, akwai waɗanda suka yi ritaya daga ofisoshin rajista, akwai lauyoyi da ma'aikatan jinya. A zaɓi mutum biyu ko uku da iyaye za su kai wa takardu su duba kafin a biya kuɗi. Yaron da zai tafi, sakataren ekklesiya ya rubuta masa wasiƙa zuwa ga faston da ke kusa da makarantar, mai ɗauke da sunansa da matsayin baftismarsa, faston nan kuma ya kira wancan a waya, kada a bar wasiƙar a ƙasan akwati. Zumuntar mata su sami gida ɗaya a garin da zai iya kwana idan an rufe makaranta ba shiri, kamar yadda aka yi a 2022. Idan ya dawo hutu, a ba shi lokaci ya kawo tambayoyin da aka yi masa a can, mu buɗe Littafi tare da shi, ba da faɗa ba.

Waɗanda suka riga suka karɓi fom, ku zo da shi bayan an tashi, tare da takardar JAMB ta yaron da sakamakonsa na zangon ƙarshe. Malamai biyu sun yarda su zauna a ofis har ƙarfe biyar.  Idan akwai tambayoyi, a fara da iyayenmu mata.